Agwagin Turai a Dagona: yaushe za a je, kuma me za a gani?

Wani malamin sakandare daga Kano ne ya aiko da wannan tambaya: "Na ji ana cewa a lokacin hunturu agwagin daji suna tasowa daga Turai su sauka a Dagona, can ƙasar Bade a jihar Yobe. Da gaske ne? In haka ne, ina so in kai ɗalibaina 12 su gani da idonsu. Wane wata ya fi, me za mu riƙe, kuma yaya za mu bambanta baƙin da na gida?"

Malam, da gaske ne, kuma Allah ya saka maka da alheri da ka yi wa yaran nan wannan tunani. Na yi shekaru ina shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi kowane Janairu a fadamun Haɗeja da Nguru, kuma har yau in na tsaya a bakin tafki da asuba na ga ruwa ya yi baƙi da agwagi, gabana sai ya faɗi kamar ranar farko.

Kowane Bahaushe ya san shamuwa. In ta sauka a kan tsamiya ko kukar gari, manomi ya san lokacin gyara garma ya yi, kuma ba yaron da zai ɗaga danƙo ya harbe ta bai sha faɗa ba. Da kaka ta yi sai a neme ta a rasa, ta nufi gabashi da kudancin Afirka inda damina ke shirin sauka. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, daidai lokacin da take barin gari wasu baƙin suke shigowa daga arewa. Sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe a Rasha da gabashin Turai da Sibiriya, sun ratsa Bahar Rum, sun ƙetare Sahara, wadda faɗinta ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000. Gashin agwagwa ya ishe ta bargo, sanyi shi kaɗai ba zai kore ta ba. Yunwa take gudu, domin tafkunan can suna daskarewa su zama ƙanƙara, abinci ya kulle a ƙasa. Ba sa ma jira hakan ta faru. Da yini ya fara gajarta a watan Agusta da Satumba sai su kama hanya. Ruwa na farko mai yalwa da suke tararwa bayan hamada shi ne na yankinmu: bakin kogin Senegal, fadamun kogin Kwara a tsakiyar Mali, tafkin Fitri na ƙasar Chadi da tafkin Chadi kansa, sai kuma Haɗeja da Nguru.

Ka ba ɗalibanka wannan labari a mota, zai riƙe su. Turawa sun daɗe suna gardamar inda tsuntsayensu ke shiga da hunturu, har wasu masanansu suka rubuta cewa ƙanana daga ciki nutsewa suke yi cikin laka su yi barci. A 1822 aka harbo wata farar shamuwar Turai a arewacin Jamus da mashi soke a wuyanta, mashin ƙirar Afirka. Ta taso da shi tun daga nahiyarmu, kuma har yau gawarta tana ajiye a jami'ar Rostok. A 1899 kuma wani malamin makaranta kamarka, ɗan ƙasar Denmak mai suna Mortensen, ya fara saka wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Da irin wannan zobe aka gano hanyoyin da suke bi, kuma maharba da masunta na ƙasar nan sun sha tsintar sa a ƙafar tsuntsun da suka kama.

Ruwa ne ya yi wurin. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are suna gangarowa su shiga wani shimfiɗaɗɗen fili mai tsofaffin tuddan rairayi, sai ruwan ya rasa hanya ɗaya, ya rarrabu, ya bazu cikin fadamu da tafkuna kafin ya sake haɗuwa ya zama Komadugu Yobe ya nufi tafkin Chadi. Ambaliyar takan kai ƙarshen cikarta wajen Satumba, daga nan ta yi ta janyewa har bazara. Tana janyewa tana barin ruwa marar zurfi cike da 'ya'yan bado, irin ciyawa, shinkafar daji, dodon koɗi da ƙwari. Abincin agwagwa ke nan. An rubuta nau'in tsuntsu 377 a wannan yanki. A ƙidayar Janairun 1996 an samu tsuntsayen ruwa sama da 200,000, a ta 1997 kuma sama da 320,000, ka ga yadda adadin ke hawa da sauka gwargwadon ruwan shekara.

Dagona kanta ƙaramin wuri ce, hekta 344, wani tsohon lanƙwason kogi da ya yanke ya zama tafki, a ƙaramar hukumar Bade kusa da Gashuwa. Tana cikin sashen Bade-Nguru na gandun dajin ƙasa na Chad Basin, wanda aka kafa a 1991. Yarima Filip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya ziyarce ta a 1989 don ganin tsuntsayen. A 2008 aka saka ta cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, tare da Baturiya ta Kiri Kasamma a jihar Jigawa. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun riga su, tun 2000, kuma su ne wuri na farko da Najeriya ta saka a jerin.

Wata kuwa, ka sa ranarka tsakanin tsakiyar Janairu da tsakiyar Fabrairu. A Oktoba da Nuwamba baƙin sun iso, amma ruwa ya yi yawa, sun warwatsu cikin ciyawar da ta fi tsayin mutum, sai ka yini kana jin kukansu ba ka gan su ba. Zuwa Janairu ƙananan kududdufai sun ƙafe, dole kowa ya taru a 'yan tafkunan da suka rage. Akwai wani dalili kuma. Bayan sun gama kiwon 'ya'ya, mazan agwagin suna zubar da gashin adonsu su koma kalar ƙasa-ƙasa kamar matan, kuma da wannan shigar suke iso mana. Sai wajen ƙarshen hunturu adon yake dawowa. Wanda ya je a Nuwamba zai ga tulin agwagi masu kama ɗaya ya rasa na kamawa, wanda ya je a Fabrairu kuwa zai tarar kowane namiji ya sa rigarsa. In ka bari Maris ya yi nisa, yawanci sun tafi.

Amma kada sunan Dagona ya ɗaure ka. Tsuntsu bai san allon gandun daji ba, inda ruwa ya yi masa daidai nan yake sauka. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar ba ta zuwa yadda take zuwa da. A shekarun 1960 ruwa yakan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000, a farin 1984 kuwa 'yan ɗaruruwa kawai ya rufe. Sannan ruwan da ake saki daga madatsun duk shekara ya hana wasu mashigai bushewa da rani, doguwar ciyawar ruwan nan da ake kira kacala ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gefen ya nutse shekara da shekaru, wani gefen ya ƙafe. Mutanen yankin sun fi kowa sanin ciwon kacala: ta cinye musu gonaki da wuraren su, ta zama makwancin jan-baki mai cinye gero da shinkafa. Agwagin ma ba ta yi musu rana ba, domin buɗaɗɗen ruwa suke so, inda za su hango abin da ke nufo su. Saboda haka akwai shekarar da za ka tarar Dagona cike maƙil, akwai shekarar da ruwanta ya janye da wuri, taron ya koma tafkin Nguru wajen Dabar Magini, ko mashigar Marma, ko Baturiya. Mako guda kafin ku taso, ka kira ma'aikatan gandun ka yi musu tambaya ɗaya: ina ruwa ya tsaya bana, kuma ina agwagi suke yini? Da ɗan gari akan ci gari.

Daga Kano za ku bi ta Haɗeja da Birniwa ku shiga Nguru, Gashuwa na gaba. Ku kwana a ɗaya daga cikin garuruwan biyu. Makaranta ta rubuta wa hukumar gandun takarda tun da wuri, hedikwatarta tana Maiduguri, a ba ku izini da ma'aikacin da zai raka ku, kuma ka tambaye su halin da hanya take ciki a makon tafiyar, ka yi aiki da abin da suka faɗa maka.

Ku yi sallar asuba ku fita. Agwagin nan da dare suke kiwo a fadamu da gonakin shinkafa, gari na wayewa su dawo buɗaɗɗen tafki su yini suna barci da gyaran gashi. Wanda ya isa bakin ruwa kafin rana ta fito zai ga dawowarsu, garke bayan garke. Daga hantsi iska takan tashi, hazo ya yi kauri, zafin da ke tashi daga ruwa ya sa komai rawa a madubi. Ku zauna ta gabashin tafkin da safe, rana a bayanku. In kuka fuskance ta, duk agwagwar da kuka gani baƙa ce. Sanyin asuba a bakin ruwa yakan sauka wajen digiri 12 ko 13, ga iska, don haka kowane yaro ya zo da rigar sanyi da hula da man shafawa. Kaya masu kalar ƙasa ko toka ko kore mai duhu za a sa. Farar shadda da farin hijabi a bar su a masauki, daga nesa tsuntsu yake hango su.

Madubin hangen nesa mai ido biyu da aka rubuta 8x42 a jikinsa ya wadatar. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau 8, 42 ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Kada ka ruɗu da waɗanda ake tallata wa sau 20 ko 30 a kasuwa, hannu ba ya iya riƙe su ba rawa. Guda 4 sun ishi yara 12 in ka raba su uku-uku: ɗaya na dubawa, ɗaya na rubutu, ɗaya na zana abin da aka gani, su riƙa juyawa. In ka samu aron babban madubi mai ido ɗaya da ake kafawa a kan ƙafa uku, to tafiyarku ta yi kyau, domin shi ke nuna launin ido da na baki daga nesa. Ƙurar hunturu rairayi ce, ka gargaɗe su kada kowa ya goge gilashi da bakin riga. A hure ƙurar tukuna, sannan a shafa da tattausan ƙyalle.

Wajen bambanta su, ka fara da na gida, domin in yaro ya san ɗan gida, baƙo da kansa zai fita daban. Kirinjijiya za ku fara ji kafin ku gani. Fito take yi, sau uku a jere, siriri, kuma garke guda in ya tashi sai sama ta cika da shi. Tana da doguwar ƙafa da dogon wuya, tana tsayawa a miƙe a bakin ruwa kamar mai jiran a kira sunanta, fuskarta fara, ƙeyarta baƙa, ko da yake laka takan rina farin ya koma ruwan ƙasa. Tana da 'yar'uwa mai kalar zuma wadda ba ta da farar fuska. Dinya ba ta ɓuya: ita ce mafi girma cikin dangin agwagwa a Afirka, baƙa da farin ciki da jan baki, kuma tana da ƙaho mai tsini a gwiwar fiffike wanda take faɗa da shi. Akwai wata babba mai farin wuya da ɗigo-ɗigon baƙi, namijinta na da tudun nama a saman baki, wanda yake kumbura da damina ya sace da rani. In kuka sami wurin da bado ya rufe ruwa, ku zauna ku ƙura ido. A nan 'yar mitsitsiyar agwagwar bado take, mai ruwan goro a ƙirji, namijin da koren tabo a gefen kai da bakinsa rawaya. Tana iya zama gabanka minti goma ba ka gan ta ba sai ta motsa. A nan kuma za ku ga tsuntsun nan mai dogayen yatsu da shuɗin goshi yana taka ganyen bado kamar a kan tabarma. Ka gaya wa yaran cewa a wajensa namiji ne yake kwanci a kan ƙwai ya yi renon 'ya'ya.

Baƙin kuwa gajerun ƙafafu gare su, suna zama ƙasa-ƙasa a kan ruwa, kuma ba su cika hawa tudu su tsaya ba. Wadda ta fi yawa ita ce littattafan tsuntsaye ke kira gargani, ni kuwa in ina koya wa yara nakan ce mata mai farar gira. Ƙarama ce, nauyinta bai cika kai rabin kilo ba. Namijin yana da kai ruwan ƙasa da wani farin layi da ya taso daga saman ido ya lanƙwasa har ƙeya, kamar an ja masa da alli. In ya tashi, kafaɗar fiffikensa toka-toka ce mai haske. Macen ba ta da wannan ado, sai dai layuka a fuska da ɗan farin tabo a gindin baki. A Fabrairu mazan sukan fara wani kuka busasshe, kamar ka ja farce a kan haƙoran mataji. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wannan kukan neman aure ne da za a ƙarasa a Rasha. Abin da ya sa nake ƙaunar gargani shi ne, sauran agwagin Turai da yawa suna tsayawa a can ko a bakin Bahar Rum, ita kuwa kusan dukan danginta barin Turai suke yi, kuma mafi yawan na yamma a yankinmu suke cin hunturu. In fadamunmu suka mutu, ba ta da wani gida na biyu.

Ta biyu ita ce fintel, mai wutsiyar tsinke. Ta fi gargani girma, wuyanta dogo siriri. Namijin kansa kalar gasasshiyar gyaɗa, farin ƙirjinsa ya haura gefen wuya kamar zare, wutsiyarsa doguwa mai tsini. In tana kiwo takan dulmiya kai ta ɗaga gindi sama, sai ka ga tsinken a tsaye. Ta uku shobila, mai bakin ludayi, wadda bakinta ya fi kanta tsawo kuma ya baje a gaba. Tana tafe a kan ruwa da bakin a nutse tana tace ƙananan halittu. Namijin koren kai, farin ƙirji, jan haƙarƙari. Ta huɗu sai an yi sa'a, ita ce mai farin ido: ja-ja ce mai duhu, da fari fat a ƙarƙashin wutsiya, kuma ita nutso take yi gaba ɗaya ta ɓace ta ɓullo can. Yawanta yana raguwa a duniya, saboda haka in kun gan ta ku rubuta adadi da wuri da rana.

A bakin laka kuma za ku ga dubban 'yan tsuntsaye masu dogon baki da doguwar ƙafa. Mafi yawansu raf ne. In garkensu ya tashi daga gonar shinkafa daga nesa sai ka ɗauka hayaƙi ne. Namijin ya fi macen girma sosai, har sabon mai kallo yakan rubuta su a matsayin iri biyu. A nan ba su da wani ado, amma a can arewa a watan Mayu namijin yakan fitar da wani tulin gashi a wuya kamar naɗin rawani, su taru a fili suna rawa mata na zaɓe. Wasu daga cikinsu daga gabashin Sibiriya suke, tafiyar da zuwa da komowa take kai kilomita 30,000 a shekara. Ka sa yaran su nemo wurin a taswira in kun koma aji. Zalɓe da balbela ba sai na gabatar maka da su ba. Ka dai lura da wani shaho mai ruwan ƙasa da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan kacala, fikafikansa a ɗage kaɗan. Shi ma baƙo ne daga Turai, kuma in ka ga agwagi sun tashi ba dalili, duba sama, yawanci shi ne.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe a duk wannan amsa. Kada ku tashe su. Duk abin da gargani take ci daga Janairu zuwa Maris kitse take tarawa, kuma kitsen nan shi ne guzurinta na ƙetare hamada, inda ba ruwa ba wurin sauka. Duk tashin da ta yi a firgice daga cikin guzurin ake cira, ga kuma barcin yini da ta rasa bayan ta kwana kiwo. Wata shekara muna tsakiyar ƙidaya a wani tafki, mun yi kusan awa muna rarrafe har muka sami gindin giyayya muka zauna, sai wani baƙo da ya biyo mu da kyamara ya miƙe ya tafa hannu don ya sami hotonsu a sama. Agwagi dubbai suka tashi lokaci guda, suka yi ta kewaya tafkin, suka kasa amincewa su sauka, daga ƙarshe suka nufi gabas. Har muka bar wurin da la'asar ba su dawo ba. Ƙidayar wurin ta lalace, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tunanin nisan da suka yi a ranar a kan hoto ɗaya. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci.

Tsuntsun da kansa zai gaya maka iyakarka. Garken da ya natsu, wasu sun cusa baki a fiffike, wasu na gyaran gashi. In ka ga kawuna sun ɗago, wuyoyi sun miƙe, na bakin gaɓa sun fara iyo zuwa tsakiya, to kun kai. Ku tsaya, ku zauna a ƙasa, ku yi shiru. Bayan minti biyar ko goma za ka ga kawunan sun koma. Kada ku nufe su kai tsaye, ku bi ta gefe kamar masu wucewa, ku sa bishiya ko tudu a bayanku don kada siffarku ta fito a sararin sama. Yara 12 su tafi a dunƙule, kada su baje. A kashe ƙarar waya. Jirgin nan marar matuƙi na ɗaukar hoto kada ma a fito da shi daga jaka, shaho suke ɗaukar sa. Sannu ba ta hana zuwa, kuma sau da yawa wanda ya zauna wuri ɗaya awa guda, tsuntsayen ne suke matsowa wurinsa da kansu.

Ka koya musu ƙidaya, don ita ce ke mai da yawon buɗe ido ya zama ilimi. Ba a ƙirga babban garke ɗaya-ɗaya. Ka ƙirga 10 a gefe, ka ga girman wurin da suka cika, ka auna shi sau biyar ka sami 50, ka ninka ka sami 100, sannan ka riƙa aza wannan ma'auni a kan garken daga wannan gefe zuwa wancan. Yara biyu su ƙirga garke ɗaya ba tare da sun yi shawara ba, sannan a gwada. Sabon mai ƙirga kusan kullum ragewa yake yi, domin na baya suna ɓuya a bayan na gaba. A rubuta rana, lokaci, sunan wuri, yanayin hazo, da inda garken ya nufa in ya tashi, don kada a ƙirga shi sau biyu a tafki na gaba. Haka ake yi a ƙidayar duniya ta tsakiyar Janairu da aka fara tun 1967, wadda ƙungiyar Wetlands International take haɗa sakamakonta. In kun dawo, cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana tattara irin waɗannan bayanai don taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma abin da ɗalibanka suka rubuta da kyau zai shiga.

Fadamar nan ba kango ba ce. Masunta na ciki da goransu da komarsu, manoman shinkafa na ciki, Fulani na sauko da shanu da rani, mata na yankar kaba. Ku fara da gaida Bulama ko Lawan na garin kafin ku sauka bakin ruwa. In manomi ya ce maka kirinjijiya da dinya suna yi masa ɓarna a shinkafa, gaskiya ya faɗa, kada yaran su yi masa gardama da abin da suka karanta. Su tambaye shi yadda yake tsaron gonarsa, da sunan da yake kiran kowane tsuntsu da Badanci ko Barbarci ko Hausa, su rubuta. Raf dai yawanci zubabben hatsi yake tsinta bayan girbi. Ni a ganina manomin da agwagwar buƙatarsu ɗaya, ambaliya ta zo a kan kari ta janye a kan kari. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwan da ya bazu a fadamun nan, na kifi da noma da itace, ya ninka wanda ake samu in an tare wannan ruwan a manyan ayyukan ban-ruwa na sama.

Kada kowa ya shiga ruwa da ƙafa ba takalmin roba mai tsawo, akwai tsargiya. In za a shiga kwalekwale, a raba yaran, kowa da rigar kariya ta ruwa, kuma abin da mai jirgi ya ce jirginsa zai ɗauka kada a ƙara ko mutum ɗaya. Mataccen tsuntsu ko marar lafiya kada a taɓa shi, a gaya wa ma'aikacin gandu, saboda murar tsuntsaye. A Janairun 2021 ta kashe kwasakwasa sama da 700 a gandun Juj na ƙasar Senegal. In an ga zobe a ƙafar tsuntsun da wani ya kama, a roƙe shi a kwafi lamba da rubutun da ke jiki, a ɗauki hoto.

Wani yaro zai tambaye ka gauraka, tunda yana jin ta a tatsuniya da kirari. Dattawan Bade da Haɗeja za su gaya maka da garke-garke ake ganinta. Kamun da ake yi mata don ajiyewa a gidajen masu hali, da ƙafewar fadamu, sun sa yanzu da wuya a gan ta a daji a Najeriya. In Allah ya nuna muku ko guda biyu, ku tsaya nesa sosai, kuma wurin da kuka gan su ma'aikatan gandu kaɗai za ku gaya wa.

Da rana ku koma masauki ku huta. Bayan la'asar ku dawo, wannan karon ta yammacin tafkin, ku zauna tun da sauran haske. Rana na faɗuwa za ka ga garken ya fara motsi, ana miƙa fiffike, ana kiran juna. Dab da magariba kirinjijiya za su fara tashi da fitonsu, gargani su biyo baya a dunƙule, ƙasa-ƙasa, da gudu, suna nufar fadamun da za su kwana kiwo. A lokacin madubi ba ya aiki kuma, ka ce yaran su ajiye shi su saurari ƙarar fikafikan da ke wucewa ta kansu. Ku yi sallah a nan bakin ruwa, direba ya juya mota tun da wuri, ku shiga gari kafin isha'i.